Daga Ajin Share Fage Zuwa Jami'a: Yadda Aka Tsara Karatun Yara a Birtaniya

Akwai kalmomin da ba ma kwana ba mu ambace su ba a harabar makaranta: O-level, A-level, HND, kai har da ita kanta kalmar Poli. Duka daga Birtaniya aka kawo mana su. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, masu abin sun daɗe da sauya nasu tsarin. Jarrabawar O-level ta bar makarantun Ingila tun 1988, Poli kuwa ta kau a 1992. To yanzu wane irin tsari yaron Birtaniya yake bi? A ina yake farawa, wace jarrabawa yake rubutawa, kuma ina mai son karatun fasaha irin namu yake dosa? Abin da darasinmu na wannan fitowa zai duba ke nan.

Ƙasa ɗaya, tsari huɗu

Abu na farko da za mu riƙe shi ne, Birtaniya haɗakar yankuna huɗu ce: Ingila, da Sikotland, da Wels, da Ailan ta Arewa. Kowane yanki shi ke tafiyar da harkar iliminsa, da manhajarsa da hukumar jarrabawarsa. Saboda haka in ka ji ana cewa "tsarin Birtaniya", galibi na Ingila ake nufi, don can ne mafi yawan jama'ar suke. Mu ma a kansa za mu fi tsayawa, daga baya mu leƙa sauran ukun.

Karatun tilas bai zo musu a rana ɗaya ba. Dokar 1870 ce ta fara kafa makarantun elementare na hukuma, a 1880 aka wajabta wa yara 'yan shekara 5 zuwa 10 zuwa makaranta. Dokar 1944 ta mai da sakandare kyauta. Shekarun barin makaranta suka tashi zuwa 15 a 1947, sannan 16 a 1972. Tun 2015 kuma, matashi a Ingila dole ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18. Kun ga ke nan aikin sama da shekara 140 ne, a hankali aka yi ta ɗora tubali kan tubali.

Shekarun haihuwa ke raba aji

A doka, yaro ya shiga shekarun tilas a zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 5. Amma a aikace yawancin yara suna farawa tun suna 'yan shekara 4, a watan Satumba, a wani aji na share fage da ke cikin firamare, inda wasa da karatu suke tafiya tare. Daga nan sai aji 1 zuwa aji 6, firamare ke nan, yaro ya gama yana da shekara 11. Sakandare ba ta sake ƙirga daga ɗaya kamar yadda muke yi da JSS 1. Daga aji 6 sai aji 7, haka har aji 11, lokacin yaro ya kai 16. Aji 12 da 13 su ne na ƙarshe, na 'yan shekara 16 zuwa 18.

An kasa waɗannan ajujuwa mataki-mataki. Mataki na ɗaya shi ne aji 1 da 2, na biyu aji 3 zuwa 6, na uku aji 7 zuwa 9, na huɗu aji 10 da 11. Kowane mataki da abin da manhaja ta ce yaro ya sani kafin ya wuce shi.

Ga wani abu da ya bambanta da namu sosai. Ranar haihuwa ce ke nuna ajin yaro: duk waɗanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta na shekara mai bi musu aji ɗaya suke, tare kuma suke tafiya. Maimaita aji abu ne da ba kasafai ake gani ba, haka nan tsallake aji. Wanda aka ga ya yi rauni, ƙarin taimako ake ba shi a cikin ajin sa'o'insa. Ba za ka tarar da ɗan shekara 9 a sakandare don wai yana da ƙoƙari ba, ba kuma za ka ga mai gemu yana zaune da ƙannensa ba.

Shekarar karatu tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuli. Zango uku ne, kowanne da hutun mako guda a tsakiyarsa, sai babban hutun bazara na kamar mako shida. Makarantun hukuma kwana 190 suke koyarwa a shekara. Ana shiga wajen ƙarfe tara saura, a tashi bayan ƙarfe uku. A ƙananan ajujuwa, wato share fage da aji 1 da 2, doka ta hana a tara wa malami ɗaya yara fiye da 30, in ban da wasu 'yan dalilai da aka ƙayyade.

Me ake koyarwa a firamare?

Manhajar ƙasa ta samo asali ne daga dokar gyaran ilimi ta 1988. Ginshiƙanta uku ne: Turanci, da lissafi, da kimiyya. Sai tarihi, labarin ƙasa, zane, kiɗa, ƙere-ƙere, ilimin kwamfuta da motsa jiki, kuma daga aji 3 ake fara koyon wani harshen waje. Ana koyar da ilimin addinai, amma iyaye suna da ikon cire ɗansu daga darasin.

Abin burgewa shi ne yadda suke bin diddigin tushe tun da wuri. A ƙarshen aji 1 malami yakan zauna da kowane yaro shi kaɗai, ya ba shi kalmomi 40 ya karanta. Rabinsu kalmomin gaske ne, rabi kuma ƙirƙirarru ne marasa ma'ana. Me ya sa? Don a gane ko yaron ya iya haɗa baƙi da wasali ne da kansa, ko kuwa hadda kawai ya yi. Tun 2012 ake wannan gwaji, kuma wanda bai kai ba yakan sake a aji 2 bayan an ƙara masa horo. A aji 4 akwai gwajin sau a kwamfuta, har zuwa 12 sau 12. A aji 6, cikin watan Mayu, sai jarrabawar ƙasa ta karatu da nahawu da lissafi. Wannan jarrabawa ba ita ke ba yaro gurbin sakandare ba. An fi amfani da ita wajen auna ƙoƙarin makarantar kanta.

Wace makaranta yaro zai shiga?

Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Ingila makarantun gwamnati suke zuwa, kuma ba a biyan ko sisi na kuɗin makaranta. Iyaye ke cike takardar neman gurbi ta hannun ƙaramar hukumarsu, su jera makarantun da suke so. Ta sakandare ana rufe karɓa 31 ga Oktoba, amsa ta fito farkon Maris. In masu nema sun fi guraben yawa, akan duba abubuwa kamar ko yaron yana da wa ko ya a makarantar, da kuma kusancin gidansu da ita. Wannan sharaɗi na kusanci ya sa gidajen da ke kewaye da makaranta mai suna sukan yi tsada, mai hali ya sayi gida don ya sami gurbi. Kyauta ce dai, amma ka ga kuɗi ya sake shigowa ta taga.

Su kansu makarantun gwamnatin iri-iri ne. Akwai waɗanda ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Akwai waɗanda ake kira akademi, da suka fara a 2002 suka yaɗu bayan dokar 2010: kuɗinsu daga gwamnatin tsakiya yake zuwa kai tsaye, wata ƙungiyar amintattu ke gudanar da su, kuma yau mafi yawan sakandaren Ingila irinsu ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun gwamnati suna da alaƙa da addini, yawanci Cocin Ingila da Katolika. A 1998 aka fara ɗaukar nauyin makarantun Musulmi, ciki har da Islamia da ke Landan, wadda Yusuf Islam ya kafa, da Al-Furqan ta Birmingham.

Sai makarantun girama, masu tace ɗalibai. Bayan dokar 1944, kowane yaro yakan rubuta jarrabawa yana ɗan shekara 11. Wanda ya ci ya tafi girama, hanyar jami'a ke nan. Sauran, waɗanda su ne mafi rinjaye, a tura su sakandaren gama-gari, kaɗan kuma makarantun fasaha, waɗanda ba a ma gina su da yawa ba. Aka yi ta sukar tsarin cewa ya yanke wa yaro hukuncin rayuwa tun bai san ciwon kansa ba. Daga 1965 gwamnati ta buƙaci ƙananan hukumomi su koma makarantar da ke karɓar kowa ba tare da tacewa ba. Duk da haka girama 163 sun rage a Ingila, musamman a yankuna irin su Kent da Buckinghamshire, kuma har gobe ana muhawara a kansu.

Makarantun kuɗi kuwa yara kashi 6 zuwa 7 cikin 100 ne ke zuwa. A nan akwai tarkon da ke kama mai karatu: tsofaffin makarantun kuɗi masu tsada, a Turancinsu "makarantun jama'a" ake ce musu, alhali ba na talaka ba ne ko kusa. Eton, wadda Sarki Henry na 6 ya kafa a 1440, ta yaye firaministoci 20, kuɗinta kuma ya haura fam dubu 60 a shekara. Daga Janairun 2025 gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Doka ta kuma yarda iyaye su koyar da ɗansu a gida, muddin ilimin da yake samu ya dace da shekarunsa.

Jarrabawar shekara 16

A aji 10 da 11 ɗalibi yana shirin GCSE, wadda ta maye gurbin O-level a 1988. Ita ce takwarar WAEC da NECO a wurinmu. Yawanci darussa 8 zuwa 10 ake ɗauka. Turanci da lissafi da kimiyya dole ne, sauran zaɓi. Ana rubutawa a Mayu da Yuni, sakamako ya fito a Agusta. Hukumomin shirya jarrabawar suna da yawa, irin su AQA da OCR da Edexcel, makaranta ce ke zaɓar wadda take so, wata hukuma mai suna Ofqual kuma tana sa musu ido don kada ma'auni ya bambanta.

Daga 2017 aka fara sauya maki daga haruffa zuwa lambobi, 9 zuwa 1. To a kula, nan ne ɗan Najeriya ke ruɗewa. A wurinmu A1 ce ƙololuwa, F9 kuma faɗuwa. A wurinsu 9 ce ƙololuwa, 1 ce ƙasa. Lamba 4 ita ce daidai da tsohuwar C, wato kiredit a bakinmu, 7 kuma daidai da A. Wanda bai sami 4 a Turanci ko lissafi ba, dole ya ci gaba da karanta su bayan shekara 16.

Mararrabar hanya

Bayan GCSE hanya takan rabu. Ta farko ita ce A-level, shekara biyu, darussa uku galibi, ana zurfafawa a cikinsu. Tun 1951 ake yin ta, kuma ita ce babbar ƙofar jami'a. Wanda ya san IJMB ya san kamanninta. Zaɓin darussan nan uku ba wasa ba ne, domin mai son likitanci da bai ɗauki kemistiri ba ya riga ya rufe wa kansa ƙofa tun yana ɗan shekara 16.

Ta biyu ita ce karatun sana'a da fasaha a kwalejojin gaba da sakandare. Akwai BTEC, wadda ta fi dogara da ayyukan da ɗalibi ya yi a tsawon kwas. Akwai kuma T Level da aka fara a 2020, shekara biyu, darajarta daidai da A-level uku, kuma dole ɗalibi ya yi aƙalla awa 315 a wani kamfani, kamar dai SIWES ɗinmu.

Ta uku ita ce koyon sana'a a bakin aiki. Matashi ma'aikaci ne, ana biyan sa albashi, yana kuma ware wani ɓangare na lokacinsa don karatu. Tun 2015 ana iya bin wannan hanya har a sami cikakken digiri ba tare da ɗalibi ya biya kuɗin makaranta ba. Ina kuɗin ke fitowa? Daga 2017, duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara yana biyan rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan albashi a asusun horar da masu koyon sana'a.

Shiga jami'a kuma babu jarrabawar bai-ɗaya irin JAMB. Ɗalibi yakan nemi har kwas biyar ta wata cibiya mai suna UCAS, jami'a ta yi masa tayi da sharaɗin ya sami maki kaza a A-level ko makamanciyarta. Digiri a Ingila shekara uku ne, tunda an riga an yi shekara biyu ana zurfafawa. Ba kyauta ba ne: ɗan ƙasa yana biyan sama da fam 9,000 a shekara, yawanci da bashin gwamnati da zai fara biya in albashinsa ya kai wani mizani.

To ina Poli ta shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu. A 1965 ministan ilimi Anthony Crosland ya bayyana tsarin hanya biyu: jami'o'i a gefe guda, foliteknik a ɗaya gefen don karatun da ya danganci masana'antu. Tsakanin 1969 da 1973 aka kafa guda 30. Suna koyar da digiri, amma ba su da ikon bayar da shi da sunansu. Wata majalisa ta ƙasa ce ke sa hannu. Jama'a kuma suka riƙa yi musu kallon na biyu, irin kallon da kuka sani. Dokar 1992 ta rushe katangar, ta ba su sunan jami'a da ikon bayar da digiri. Poli ta Oxford ta zama Oxford Brookes, ta Leicester ta zama De Montfort, ta Manchester ta zama Manchester Metropolitan, ta tsakiyar Landan ta zama Jami'ar Westminster.

Sai dai sauya suna bai goge bambanci gaba ɗaya ba. Har yanzu ana kiran su "jami'o'in bayan 1992", kuma akwai masu ganin cewa Ingila ta yi asarar cibiyoyin da suka ƙware a karatun fasaha, shi ya sa take ta ƙirƙiro sababbin hanyoyi irin T Level don cike giɓin. Masu kiran a mai da Polin Najeriya jami'o'i, da masu adawa da hakan, duka suna da abin dubawa a nan.

HND kuwa tana nan da ranta a Birtaniya, amma ba daidai take da tamu ba. A can kwas ne na shekara biyu bayan A-level ko BTEC, matsayinta daidai da shekara biyun farko na digiri, kuma mai ita yana iya ƙara shekara ɗaya ya cike digirinsa. Tamu kuwa sai an yi ND shekara biyu, an yi shekarar IT, sannan a ƙara biyu. Suna ɗaya, tsawon tafiya daban. Don haka mai shirin neman digiri na biyu a can da HND ɗinsa ya tuntuɓi jami'ar kai tsaye tun kafin ya kashe kuɗi, domin kowace jami'a ita ke yanke sharaɗinta. Wata ta karɓa, wata ta ce sai an yi kwas na share fage. Masu iyali kuma su sani, daga Janairun 2024 yawancin ɗaliban digiri na biyu ba a ba su izinin tafiya da mata da yara, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Sa ido, hukunci da tallafi

Hukumar Ofsted, da aka kafa a 1992, ita ke tura sufetoci makarantu, rahotonta kuma kowa na iya karantawa a intanet. Shekaru da yawa takan taƙaita darajar makaranta da kalma ɗaya, amma an daina hakan a 2024 bayan koke-koken malamai kan matsin da yake jawowa. Bulala haramun ce a makarantun gwamnati tun 1987. Iyayen da suka bar yaro ya yi fashi ba da izini ba ana iya cin su tarar fam 80, ta koma 160 in ba su biya cikin kwana 21 ba. A ɗaya ɓangaren, tun 2014 duk yaron da ke share fage da aji 1 da 2 yana cin abincin rana kyauta, kuma makaranta tana samun ƙarin kuɗi a kan kowane ɗan talaka da ke cikinta.

Kada a ɗauka babu matsala. Suna fama da ƙarancin malaman lissafi da fiziks, tsarin kula da yara masu buƙata ta musamman ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi, kuma ratar sakamako tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka ba ta rufe ba. A 2023 ma sai da aka rufe gine-gine a makarantu sama da 100 saboda wani irin kankare da aka gano yana iya ruftawa.

Sauran yankuna uku a taƙaice

A Sikotland firamare shekara 7 ce, sakandare 6, ana komawa makaranta a Agusta, jarrabawarsu daban ce da GCSE da A-level, digiri shekara huɗu ne, kuma ɗan yankin ba ya biyan kuɗin jami'a a gida. A Wels kowane yaro yana koyon harshen Welsh har shekara 16, akwai kuma makarantun da da shi ake koyar da lissafi da kimiyya da komai, abin da ya kamata masu cewa ba a iya karatun zamani da harshen uwa su duba. A Ailan ta Arewa ana fara karatun tilas tun shekara 4, makarantun girama suna da yawa, kuma akasarin yara suna karatu ne a makarantun da suka rabu tsakanin Katolika da Furotesta.

Tambayoyin nazari

1. Ɗalibi ya sami 8 a lissafi da 3 a Turanci a GCSE. Wane darasi ya ci da kyau, kuma me doka ta ɗora masa game da ɗayan?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin HND ta Birtaniya da ta Najeriya.
3. Wace riba da wace asara ke cikin ciyar da yara gaba bisa shekarun haihuwa ba tare da maimaita aji ba?
4. In da za a yi wa Polin Najeriya irin abin da dokar 1992 ta yi, me kake ganin za mu samu, me kuma za mu rasa?

A tattauna su a aji da hostel, wanda ya rubuta amsa mai ma'ana kan tambaya ta huɗu ya miƙa ta ofishin ƙungiyar ɗalibai, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya.